Yadda Ake Tantance Manyan Lut na Turai a Tsofaffin Zanen Ɗab'i

Lut kayan kiɗa ne mai tsarkiya, dangin molo, wanda Turawa suka samo daga udu na Larabawa. Ƙoƙonsa na siraran katako ne da aka jera aka manne, fuskarsa shimfiɗaɗɗen katako ce mai taga sassaƙaƙƙiya a tsakiya. Daga wajen 1580 zuwa tsakiyar ƙarni na 18 maƙera a Italiya, Jamus, Faransa da Ingila suka yi ta neman hanyar ƙara masa kaurin murya, kuma daga wannan nema ne aka samu manyan lut: tiyorba, arciliyuto, lut mai kai biyu, galishon da sauransu. Waɗanda suka rage a gidajen tarihi kaɗan ne, yawancinsu ma an taɓa su, an sauya wuya ko jaki, wato maɗaurin tsarkiyoyi. Shi ya sa mai ƙera sabo, da makaɗi, da mai tara tsofaffin takardu duk suke komawa ga zanen da aka buga a zamanin da ake kaɗa su.

Zanen ɗab'i shaida ne, amma shaidar da sai an yi mata tambayoyi. Yana da gaskiya a kan siffa da yadda ake riƙo, yana da rauni a kan ƙirge da awo. Aikin ya fi kyau a bi shi da tsari: a fara da takardar, a duba ko hoton a juye yake, a gane irin lut ɗin, sannan a ɗauko rula.

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki 10, rular roba mai milimita wadda ake gani ta cikinta, ƙaramar tocila, fensir, da takardar kwafi mai shara-shara. Kada rula ta hau kan asalin takardar. A ɗauki hoto daga sama daidai, da rula ajiye a gefe, a yi awon a kan hoton.

Sassan da za a riƙa ambata su ne jaki, inda tsarkiyoyi suke ɗaure a kan fuska. Matashi, ɗan ƙashin da suke hawa a ƙarshen wuya. Gaɓoɓi, zoben hanjin da ake ɗaurawa a wuya inda yatsa ke dannawa. Da kunnuwa, 'yan sandunan da ake murɗawa a ja tsarkiya, waɗanda ke jere a gidansu. Layi kuwa shi ne tsarkiya ɗaya ko tagwaye da ake kaɗawa tare.

Takarda da tawada

Ɗaga takardar ka haska ta daga baya. Takardar Turai ta kafin tsakiyar ƙarni na 18 da hannu ake yin ta a kan mataci na waya, don haka za ka ga siraran layuka a matse, da wasu masu tazarar santimita 2 zuwa 3 suna ratsa su. Sau da yawa akwai tambarin masana'anta a cikin jikinta. Takarda sumul marar layuka ta fara bayyana a Ingila a 1757, ba ta yaɗu ba sai wajen ƙarshen ƙarnin. Idan hoton makaɗin tiyorba na 1630 yana kan takarda sumul, to bugun baya ne. Akasin haka ba ya zama hujja, domin har yau ana yin takarda mai layuka.

Sai ka kwantar da hasken tocila a gefe, ya shafi fuskar takardar. Zanen da aka buga daga farantin jan ƙarfe yana barin shatar gefen farantin a lotse kewaye da hoton, tawadarsa kuma tana ɗan tasowa sama. Wanda aka buga daga sassaƙen katako ba shi da wannan shata, layukansa ne ma suke ɗan nutsewa cikin takarda. A ƙarƙashin gilashi, layin da aka yanka da ƙarfen sassaƙa yana farawa siriri, ya kumbura, ya ƙare da tsini. Wanda asid ya ci kaurinsa kusan ɗaya ne, bakinsa a dakushe, yana ɗan rawa kamar rubutun alƙalami. Idan ka ga ɗige-ɗige a jere kamar raga, hoton inji ne na zamani, ba sai an ci gaba da bincike ba.

Rubutun da ke ƙasan hoto na Latin ne a taƙaice, kuma yana faɗin wanda ya yi me. Sunan da aka bi da "pinx." na mai zanen fenti ne na asali, "del." na wanda ya zana, "sculp." ko "sc." na wanda ya yanka farantin, "exc." na wanda ya buga ya sayar. Muhimmancin wannan ga mai nazarin lut shi ne ƙirga hannuwa. In sunaye uku ne daban, to kayan kiɗan ya bi ta hannu biyu ko uku kafin ya iso gare ka, kuma mai yiwuwa na farkon ne kawai ya gan shi da idonsa. Faranti yakan daɗe fiye da mai shi. Ana sayar da shi, a goge sunan mai bugu a sa wani, a sake zurfafa layukan da suka cinye. A irin wannan gyara siraran tsarkiyoyi ne suke fara ɓacewa, ko a maido su ba daidai ba. Saboda haka in bugu biyu na faranti ɗaya suka saɓa a yawan tsarkiya, a ɗauki wanda ya riga.

Hagu da dama

Duk abin da aka yanka a faranti ko katako, a juye yake fitowa kan takarda. Mai sassaƙa da ya kula yakan juya zanensa tun farko, wanda bai kula ba sai ya kwafa yadda ya gani. Makaɗi na kaɗawa da dama, yana dannawa da hagu, don haka in yana fuskantar ka, wuyan lut ya kamata ya nufi hannun damanka. In ya nufi hagu, kada ka yi saurin cewa bahago ne. Duba takobi, wanda ake ratayawa a kwatangwalon hagu, ka duba hannun da sauran mutanen hoton ke riƙe alƙalami ko kofi da shi. In duk sun zama bahagwai, hoton ne ya juye.

In lut ɗin shi kaɗai aka zana, a tsaye yana kallon ka, tsarkiyoyi masu kaurin murya suna hagunka. A tiyorba, dogayen tsarkiyoyin da suka wuce gefen wuya can suke. Juya hoton a kwamfuta kafin ka ci gaba. A lura kuma cewa wanda ya kwafi bugun da ke juye ba tare da kula ba, sai ya maido shi daidai, don haka daidaiton hagu da dama ba ya nuna cewa wannan ne na asali.

Wuya ne ke faɗin suna

Matsalar da maƙeran wancan zamani suka fuskanta ta tsarkiyar hanji ce. In ana son ta yi kaurin murya, ko dai a ƙara mata kauri, sai sautin ya dushe, ko a ƙara mata tsawo. Kowane irin babban lut amsa ce ga wannan matsala, kuma amsar tana bayyana a wuya.

Amsar farko ita ce a girmama lut ɗin gaba ɗaya. Michael Praetorius, masanin kiɗa Bajamushe, a littafinsa na 1619, ya lissafa girman lut bakwai, biyu na ƙarshe su ne masu kaurin murya. Akwai irinsu ɗaya da Michielle Harton ya ƙera a Padua a 1602, yana gidan tarihin Jamus da ke Nuremberg, tsawon tsarkiyarsa kusan santimita 94. A zane, irin wannan gidan kunnuwa ɗaya gare shi, tanƙwararre zuwa baya, siffarsa sak ta lut na yau da kullum. Girmansa a jikin makaɗi kaɗai ke bambanta shi, wannan kuwa shi ne abin da masu zane suka fi wasa da shi, don haka shi ne mafi wuyar tabbatarwa.

Tiyorba ta bayyana a Florence a ƙarshen shekarun 1580, an kuma kaɗa ta a bikin auren gidan Medici, masu mulkin birnin, na 1589. Alamarta gidan kunnuwa biyu. Na farko yana miƙe a cikin wuya, bai tanƙwara baya ba, daga nan doguwar sanda ta zarce zuwa gida na biyu a can ƙarshe. Yawanci layi 14 ne: 6 ko 7 a kan gaɓoɓi, 7 ko 8 dogaye waɗanda ba a danna su, babban yatsa ne kawai ke kaɗa su. Tsawon gajerun a manyan tiyorba na Italiya yakan kama daga santimita 85 zuwa sama da 95, dogayen kuma 160 zuwa 180. Manyan sukan zo da taga uku a haɗe maimakon ɗaya. A ƙasan hoto za ka iya ganin Tiorba, Theorba, Tuorbe ko Chitarrone. A Italiya ta farkon ƙarni na 17 tiyorba da kitarrone abu ɗaya ne, sunan na biyu ya ɓace wajen tsakiyar ƙarnin. Littattafan ƙarni na 19 da farkon na 20 ne suka raba su, suka ce dogon shi ne kitarrone, gajeren tiyorba. In ka ga wannan rabo a rubutun da wani ya ƙara da fensir ko a takardar mai sayarwa, ra'ayin baya ne.

Arciliyuto kama yake da tiyorba har ya ruɗar da masana na zamaninsa. Bambancin yana ƙoƙo da gajerun tsarkiyoyi: ƙoƙon na lut ne matsakaici, gajerun ba su cika wuce santimita 60 zuwa 72 ba. Iri biyu za ka fi gani. Akwai ƙaramin na Venis, irin na shagon Matteo Sellas a shekarun 1630 da 1640, mai gajeriyar sanda da tagwayen tsarkiyoyi har a dogayen. Akwai kuma babban na Roma na ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, irin na David Tecchler, mai doguwar sanda.

Hanya mafi amfani ta rarrabe su ita ce raba tsawon dogayen da tsawon gajerun, kuma wannan ba ya buƙatar sanin ainihin girman komai. A auna daga jaki zuwa matashi na farko, a auna daga jaki zuwa matashi na biyu, a raba na biyu da na farko. Babbar tiyorba takan ba da wajen 1.8 zuwa 2. Arciliyuton Roma yakan haura 2, domin gajerunsa gajeru ne ƙwarai. Ƙaramin na Venis wajen 1.5. Lissafin jagora ne kawai, akwai kayan da suka faɗo tsakani.

Lut mai kai biyu na Ingila da Holan ba ya ɓuya. Gida ɗaya ya tanƙwara baya yana ɗauke da layi 8, ɗayan ya miƙe yana ɗauke da layi 4, kowanne da nasa matashi, suna hawa kamar matakala. Hoton da Jan Lievens ya yi wa Jacques Gaultier, makaɗin fadar Ingila, a farkon shekarun 1630, shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. A Jamus ta ƙarni na 18 kuma akwai lut mai layi 13 iri biyu: mai ɗan ƙaramin gida a manne gefen babban, ɗauke da layi 2 na ƙarshe, da mai lanƙwasasshiyar sanda ɗauke da layi 5, wanda rabon tsawonsa ke wajen 1.4. Zamanin shahararren makaɗin lut Silvius Leopold Weiss ke nan.

Sunaye biyu suna yawan cakuɗewa. Kolashone na kudancin Italiya ƙaramin ƙoƙo gare shi, da siririn wuya dogo ƙwarai, da tsarkiya 2 ko 3, gidan kunnuwa ɗaya. Shi ne irin abin da ake gani a hannun 'yan wasan barkwancin da Jacques Callot ya zana wajen 1622. Galishon ko kalishon na Jamus da Bohemiya (a ƙasar Cek ta yau) kuwa cikakken lut ne mai layi 6 galibi, ƙoƙonsa babba, an yi amfani da shi wajen riƙe ƙasan kiɗa a coci. In hoton na Jamus ne na ƙarni na 18 kuma an rubuta wani suna mai kama da kolashone, a duba ƙoƙon da faɗin wuyan kafin a yarda da rubutun.

Awo

Mafi sauƙin zanen aunawa su ne na Praetorius da aka buga a Wolfenbüttel a 1620, domin ya sa ma'auni a shafukan. Ma'aunin na ƙafar Braunschweig ne, kusan santimita 28.5, kowace ƙafa inci 12. Shafi na 5 yana da doguwar tiyorbar Roma, na 16 yana da ta Padua, mai babban ƙoƙo da gajeriyar sanda. A ce ka auna ƙafa ɗaya ta ma'aunin ka samu santimita 2.2 a hotonka, daga jaki zuwa matashi kuma 6.9. Raba 6.9 da 2.2, ka samu ƙafa 3.14. Ninka da 28.5, ka samu santimita 89. Kuskuren milimita ɗaya a kan takarda ya zama santimita 1.3 a jikin kayan, layin sassaƙen katako shi kansa yana iya kai rabin milimita. Don haka a auna daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar layi, a auna dukan tsawon ma'aunin a raba maimakon ƙafa ɗaya, a kuma rubuta sakamako da faɗi, kamar 87 zuwa 91. Kullum a yi amfani da ma'aunin da ke shafin da kansa, saboda takarda na ɗan tsukewa bayan bugu, sabbin bugu kuma sukan rage ko ƙara girman shafi.

Inda babu ma'auni, jikin makaɗi ne ma'auni. Tafin hannun babban namiji, daga wuyan hannu zuwa kan dogon yatsa, wajen santimita 18 zuwa 19 ne, fuska daga haɓa zuwa gaban gashi ma kusan haka. A yi amfani da hannun da ke kan fuskar lut ɗin, domin shi ne ke nisa ɗaya da tsarkiyoyin. Kan makaɗin yana bayansu, sai ya sa kayan ya yi kamar ya fi girma. A gwada da duka biyun. In sun saɓa da fiye da kashi 10 cikin 100, mai zanen bai kula da daidaiton jiki ba, awon kuma ba shi da amfani.

Abin da ya fi ɓata awo shi ne karkata. Makaɗi ba ya riƙe lut shimfiɗe ga mai kallo, wuyan yakan nufo gaba ko ya yi baya, sai tsawon ya gajarce a zane. Karkatar digiri 30 tana rage kashi 13 cikin 100, ta 45 tana rage kashi 29. Tagar fuska ce ke tona wannan, domin a gaske da'ira ce cikakkiya. Auna ta ta tsawon tsarkiya, ka auna ta a gicciye. In ta matse ta tsawon tsarkiya, a ce 8.7 a kan 10, to raba tsawon da ka auna da 0.87. In a gicciye ta matse, fuskar ce ta kalli sama ko ƙasa, tsawon bai taɓu ba, faɗin ƙoƙo ne ya ragu. Wannan gyara yana aiki a kan ƙoƙo da gajerun tsarkiyoyi. A kan sandar da ta kai mita ɗaya yana raunana, tun da ƙarshenta ya fi kusa da mai zane ko ya fi nisa. Ga kuma wata al'ada ta masu sassaƙa: in sandar ba za ta shiga farantin ba, sai su datse ta. Duk tiyorbar da kanta ya tsaya daf da kusurwar hoto abar tuhuma ce.

Gaɓoɓi na gwada idon mai zane. A gaske tazararsu na raguwa yayin da suke nufar ƙoƙo. Ta 5 tana kan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon tsarkiya daga matashi, ta 7 kan ɗaya cikin uku, ta 12 a tsakiya daidai, wuya kuma yakan haɗu da ƙoƙo tsakanin ta 8 da ta 10. Wanda ya zana gaɓoɓi da tazara ɗaya daga sama har ƙasa daga ka ya zana su, sauran ƙananan bayanansa ma sai a riƙe su da sassauci.

Da zarar an samu tsawo, ana iya faɗin yadda aka ɗaure kayan, ko da yake zane ba ya nuna sauti. Tsarkiyar hanji tana tsinkewa in aka ninka yawan girgizarta a daƙiƙa da tsawonta a mita, lissafin ya haura wajen 250 zuwa 260, kaurinta kuwa kusan ba ya sauya wannan. A tsawon santimita 89 iyakar ita ce girgiza 280 zuwa 290. Ɗaurin tiyorba a kan sautin da ake kira A yana neman layin farko a girgiza 415 zuwa 440, na biyu a 311 zuwa 330, duka sun wuce iyaka. Shi ya sa ake sauke su oktaf ɗaya, wato zuwa rabin girgizarsu, sai layi na uku ya zama mafi siririn murya. Arciliyuto an bar gajerunsa gajeru ne don layin farko ya tsaya a inda yake a lut. A Roma ma'aunin sauti ya yi ƙasa, A ɗinsu wajen girgiza 392, abin da ya ba maƙeranta damar kai gajerun zuwa 70 da ɗoriya. Saboda haka kayan da awonsa ya ba da 80 ko fiye tiyorba ce a aikace, ko me aka rubuta a ƙarƙashinta. Tsakanin 72 da 78 ne ake gardama, a nan ne kuma ake samun tiyorbar da layinta na farko kawai aka sauke, kamar yadda Thomas Mace, makaɗin lut ɗan Ingila, ya bayyana ta ƙasarsa a 1676.

Ƙirge

Kunnuwa sun fi tsarkiyoyi gaskiya, amma su ma ba a yarda da su gaba ɗaya. Dalilin na sana'a ne. Layi 14 suna cin faɗin kusan santimita 15 a kan jaki. A zanen da aka rage sau 13, wannan milimita 11 ne ko 12, kuma mai sassaƙen katako sai ya rarake tsakanin kowane layi biyu ya bar siririn katako a tsaye. Dole ya rage. Mai farantin jan ƙarfe ya fi shi dama, duk da haka ba kasafai yake raba tagwaye ba.

A ƙirga kunnuwan kowane gida daban, a tuna wasu na ɓoye a ɗaya gefen, sannan a gwada da tsarin da aka sani. Kunnuwa 6 da 8 tiyorba ce mai tsarkiya ɗai-ɗai. 11 ko 12 da 8 na nufin gajerun tagwaye ne. 13 da 14 ƙaramin arciliyuton Venis ne. 14 da 10 lut ɗin Jamus ne mai lanƙwasasshiyar sanda. In ƙirgen ya faɗa kan ɗaya daga cikin waɗannan daidai, kuma gaɓoɓin sun yi kyau, akwai alamar mai zanen ya zauna gaban kayan. In ya ba da abin da ba a sani ba, kada a ƙirƙiro sabon irin lut daga hoto ɗaya. Sai an samu hoto na biyu wanda bai kwafi na farko ba, ko rubutu, ko kayan da ya rage.

Wane ne ya zana, daga ina ya kwafa

Darajar hoto tana bin kusancin mai shi da kayan. Bellerofonte Castaldi makaɗin tiyorba ne, shi ya yanka farantan littafinsa na 1622 da hannunsa, don haka abin da ya nuna na riƙo da siffa yana da nauyi. Praetorius ya sa an auna. Marin Mersenne, masani Bafaranshe, a babban littafinsa na Faris na 1636, ya zana da kulawa, amma kayan da ya sa wa sunan tiyorba daga baya ya gyara ya ce Italiyawa arciliyuto suke kiransa, kuma masu kwafar hoton ba su cika kwafar gyaran ba. Littafin Filippo Bonanni na Roma, na 1722, mai hotunan Arnold van Westerhout, shi ne aka fi yanke shafukansa ana sayarwa ɗai-ɗai. Hotunansa suna da kyau, suna kuma nuna sunayen da ake amfani da su a Roma a lokacin, amma ba a yi su don maƙeri ba, bai kamata a ɗauki awo ko ƙirge daga gare su ba. Mace kuwa ya buga hoton wani lut mai tsarkiya 50, wuya biyu a ƙoƙo ɗaya, wanda shi ya ƙera wa kansa. Gaskiya ne an yi shi, amma ba ya wakiltar abin da jama'a ke kaɗawa.

Kwafe ya yi yawa a wannan fage. Tarihin kiɗan da John Hawkins ya buga a Landan a 1776 ya ɗauko hotuna daga Mersenne, shekara 140 bayan asalinsu. Shekarar bugu ke nan ba ita ce shekarar kayan ba. Don gane kwafe, a daidaita girman hotunan biyu, a juya ɗaya in da buƙata, a ɗora su a kan juna. Kuskuren da ya maimaitu a wuri ɗaya, kamar kunnen da ya ɓace ko jakin da ya karkace, shi ne shaidar gado. Hotuna biyar da suka fito daga tushe ɗaya shaida ɗaya ce.

Hotunan ƙarshen ƙarni na 19 na da tasu matsalar. An zana su da kyau daga kayan da ke hannun masu tarawa, amma a lokacin kasuwa ta cika da na jabu da na haɗe-haɗe. Leopoldo Franciolini na Florence, wanda ya rasu a 1920, ya sayar da dogayen lut masu yawa da aka harhaɗa daga tarkace, wasu sun shiga gidajen tarihi. Alamunsu a zane su ne ado mai yawa na hauren giwa da ɓawon kawa mai ƙyalli, jaki a wurin da bai dace da gaɓoɓi ba, da sandar da dogayen tsarkiyoyi ba za su iya bi a miƙe daga jaki zuwa matashinsu ba. Wannan na ƙarshe gwaji ne mai kyau ga kowane hoto: a ɗora rula daga gefen jaki na masu kauri zuwa matashi na biyu. In layin ya ratsa ta kan kunnuwan gida na farko, hoton abin tuhuma ne.

Inda zane ya fi komai amfani shi ne hannu, abin da kayan gidan tarihi ba zai faɗa ba. A duba ko ƙaramin yatsan dama na tokare da fuska, kuma a ina, kusa da jaki ko kusa da taga. A duba babban yatsa. A ƙarni na 16 yakan shige ƙarƙashin tafi, daga wajen 1600 ya fito waje ya miƙe zuwa taga, domin ya kai ga dogayen tsarkiyoyi. A duba ɗamara ko zaren da ya ratayo daga gindin ƙoƙo zuwa wuya, da tsayin da kan sandar ya yi. Mai zane ko bai san kiɗa ba ya san hannu, kuma in hotuna daga garuruwa daban suka yi ittifaƙi a kan riƙo ɗaya, ana iya gina koyarwa a kai.

Ajiyar takardar

A riƙe ta da hannu biyu, wankakku busassu. A ajiye ta a shimfiɗe cikin kwali marar asid, a ɗaki mai laima tsakanin kashi 40 da 55 cikin 100. Laima mai yawa na kawo ɗigo masu launin ruwan ƙasa da funfuna, bushewa mai tsanani na sa ta karye. Kada salatif ko gam ya taɓa ta, kada a yanke gefenta don ta shiga firam, domin shatar faranti da rubutun ƙasa a nan suke. In za a rataye ta, gilashi kada ya manne da tawadar, hasken kuma ya zama kaɗan, wajen luks 50 (ma'aunin ƙarfin haske) da gidajen tarihi ke amfani da shi, nesa da rana. A bayan kwalin, ba bayan takardar ba, a rubuta da fensir girman shatar faranti a milimita, tazarar layukan takarda, duk rubutun da ke ƙasa harafi da harafi, ko hoton a juye yake, yawan kunnuwan kowane gida, da rabon dogayen tsarkiyoyi a kan gajerun.